WA AKE BA SANDA? TARIHIN ƊAUKAR MASU TSARO A AGADAS

Hirarmu ta yau a kan ƴan sanda take.

Na san ka taɓa tsayawa a shingen hanya. Mota ta tsaya, wani saurayi mai kaki ya karɓi katinka yana juyawa. Wataƙila bai kai ɗanka na fari shekaru ba. Amma in ya ce ka sauko, sai ka sauko. In ya ce ka wuce, sai ka wuce. A ƙugunsa akwai ankwa, wani lokaci har da bindiga. Hukuma ce ta ba shi wannan iko.

To, kafin a ba shi, wa ya duba halinsa? Wa ya shaida cewa ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, ba mai zafin hannu ba ne? Wannan tambaya ta shafe ka. Ɗan sanda nagari shi ne zai bi sawun raƙuminka in an sace. Mugun ɗan sanda kuwa yana iya raba ka da kuɗin guzurinka, ko ya kulle ɗanka ba da laifin kome ba. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama.

Tambayar nan ba sabuwa ba ce. A birnin Agadas an fi shekara 500 ana yin ta. Kowane zamani da irin amsar da ya bayar. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

ZAMANIN DOGARAI

An kafa sarautar Abzin wajen shekarar 1405. Daga baya sarakunan suka zauna a Agadas, garin ya zama babbar mahaɗar ayari. Fatake na zuwa daga Gadamas da Gat. Ayarin gishiri na tasowa daga Bilma da Fashi, ya gangara zuwa Damagaram da Katsina da Kano. Inda dukiya take taruwa haka, dole a sami mai tsaron ta.

Tsofaffi suna ba da labari cewa ƙabilun Abzinawa sun gaji da faɗa a tsakaninsu, sai suka aika har Santambul neman wanda zai yi musu sarauta. Wanda suke so shi ne mutumin da ba shi da dangi a cikin kowace ƙabila, don kada ya karkata wajen shari'a. Wannan labarin baka ne. Amma ka lura da hikimar da ke ciki: mai raba faɗa bai kamata ya zama yana da ɓangare ba.

Sarkin Abzin ba shi da babbar rundunar yaƙi ta kansa. Mayaƙa suna hannun shugabannin ƙabilu. Abin da yake da shi a cikin gari shi ne fadawa da dogarai da alƙali. Dogari shi ne mai kai sammaci, shi ne mai kamo mai laifi, shi ne mai tsaron ƙofar fada da kasuwa. Akwai kuma Sarkin Turawa, mai kula da fatake da kuɗin fito. A wancan lokaci in an ce Turawa, Larabawan arewa ake nufi. Wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Agadas cikin watan Oktoba 1850, zamanin Sarki Abdulƙadiri, ya kuwa rubuta labarin wannan sarauta.

Yaya ake zama dogari? Babu jarrabawa, babu takarda. A ƙasar Hausa da Abzin, yawancin dogarai daga gidajen bayin sarki da barorin fada suke fitowa. Yaro yakan tashi yana ganin ubansa da rawani da bulala, in ya girma ya gaje shi. Tambayar da ake yi ɗaya ce: ɗan wane gida ne?

Wannan hanya tana da amfaninta. An san yaron tun yana rarrafe. An san uwarsa, an san kakansa. In ya yi abin kunya, gidansu duka ya ja wa. Tana kuma da aibinta. Dogari na sarki ne, ga sarki kaɗai yake amsa tambaya. In sarki adali ne, talaka ya huta. In ba haka ba, talaka ba shi da inda zai kai kuka. Kuma ɗan makiyayi, kome kirkinsa da ƙarfinsa, ba shi da hanyar shiga.

Har yanzu akwai dogarai a fadar Agadas. Za ka gan su ranar salla da lokacin Biyanu. Suna kai saƙon sarki, suna taimakawa wajen sulhu. Amma binciken manyan laifuffuka ya koma hannun hukuma.

ZAMANIN NASARA

A 1899 ayarin sojan Faransa na Furo da Lami ya ratsa Agadas. A 1904 wasu suka dawo, daga 1906 kuma suka zauna daram. Suka raba ƙasa gunduma-gunduma, kowace da kumandanta.

Kumanda mutum ɗaya ne, ƙasa kuwa ga faɗi. Saboda haka ya nemi hannuwa. Na farko su ne gardi, masu jar hula. Yawancinsu tsofaffin soja ne da suka gama aiki a rundunar Faransa. Da yawa ba ƴan ƙasar da suke aiki a ciki ba ne, ba su jin harshen mutanen wurin. Wannan bai dami kumanda ba, don baƙo ba ya jin nauyin kowa. Na biyu su ne gumiye, masu raƙuma. Su kam daga cikin Abzinawa da Tubawa da Larabawa ake ɗibar su, saboda sun san rijiyoyi, sun iya bin sawu.

Tambayar Nasara ita ce: zai yi mana biyayya? Shaidar da suke nema ita ce littafin soja, ko kuma maganar wani basarake da suka yarda da shi. Yadda mutumin yake zaune da maƙwabtansa bai shiga lissafi ba.

Aikin gardi kuwa ya haɗa da tara haraji, da ƙwace raƙuma don ɗaukar kayan gwamnati, da kamo mutane aikin tilas. A lokacin akwai wata doka ta musamman a kan talakawan mulkin mallaka. Da ita kumanda yake ɗaure mutum na kwanaki ba tare da an je gaban alƙali ba. Gardi ne yake zuwa kamun. In ya sauka a zango, sai an yanka masa, sai an ba dokinsa ko raƙuminsa abinci. Tambayi tsofaffin garinku, za su gaya maka abin da iyayensu suka gani.

Ƙuncin nan yana cikin abin da ya jawo yaƙin Kawusan. A watan Disamba 1916, Kawusan ya iso Agadas da mayaƙansa. Sarkin Abzin Tagama ya mara masa baya, alhali Nasara sun ɗauka nasu ne. Aka kewaye barikin soja har zuwa 3 ga Maris 1917, ranar da taimako ya iso daga Damagaram. Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. An kashe malamai da yawa a cikin gari, jama'a suka watse. An kashe Kawusan a ƙasar Fezan a 1919. Tagama kuma an kashe shi a gidan kaso a Damagaram a 1920.

Sai a 1946 aka soke aikin tilas da waccan doka ta kumanda. Amma tsoron mai kaki ya riga ya shiga zukata. Har yau akwai ƙauyen da in an hango motar hukuma, yara sai su ruga.

INDA TAKARDU SUKA SAMO ASALI

Yanzu bari mu leƙa Turai kaɗan, don can aka ƙago takardun da ake tambayar ƴaƴanmu yau.

A birnin Paris na Faransa, a 1812, an danƙa binciken ɓarayi ga wani mutum mai suna Bidok. Shi kansa tsohon ɗan kaso ne, ya sha tserewa daga kurkuku. Sai ya ɗauki irinsa aiki, wai ɓarawo shi ya san hanyar ɓarawo. Sun kama mutane da yawa. Amma jama'a ba su yarda da su ba, ana zargin su da shirya sata da kansu don su sami wanda za su kama. A ƙarshen 1832 Bidok ya bar aiki, aka sake tsari, aka daina ɗaukar wanda kotu ta taɓa ɗaurewa.

A birnin Landan na Ingila, a 1829, ministan cikin gida Robert Peel ya kafa ƴan sanda na zamani. Ya sa sharuɗɗa. Kada mutum ya wuce shekara 35. Ya kasance lafiyayye, tsawonsa wajen mita 1 da santimita 70. Ya iya karatu da rubutu. Ya kawo shaidar kyakkyawan hali a rubuce. Duk da haka, mutumin da aka ba lamba ta 1 ranar da ya fara aiki aka kore shi, don an same shi a buge. Cikin ƴan shekaru, yawancin waɗanda aka fara ɗauka sun tafi, wasu da kansu, wasu korar su aka yi. Ka ga tun ranar farko an gane cewa tacewa ɗaya ba ta isa.

Saura matsala guda. Mutum ya yi laifi a wannan gari, ya koma wancan, ya ce shi na kirki ne. Ta yaya za a sani? Wani alƙali Bafaranshe mai suna Bonneville ya kawo shawara, aka fara aiki da ita a 1850. Ya ce mutum yana iya sake gari, yana iya sake sana'a, amma ba ya iya sake inda aka haife shi. Saboda haka duk inda aka yanke masa hukunci, a aika da labarin zuwa kotun garin haihuwarsa, a ajiye. Wannan ajiya ita ce kaziye. Ka lura, shekarar da Abdulkarim yake zaune a Agadas yana kallon dogarai, a shekarar aka fara kaziye a Faransa. Daga can ta iso mana.

MAƘWABTANMU NA KUDU

A Kano da Katsina da Sakkwato, Ingilishi sun bar wa sarakuna dogaransu. Wajen 1925 aka fara gyara a Kano, aka shigo da ƴan gadi masu albashi. Daga baya aka sami ƴan doka. Don aikin ya yi daraja, sai aka riƙa ɗora ƴaƴan sarki a kansa. Usman Nagogo ya riƙe ƴan dokar Katsina kafin ya zama sarki a 1944. Ado Bayero ya yi Wakilin Doka a Kano daga 1957 zuwa 1962.

Amma da siyasa ta zo, an yi ta kuka cewa ana amfani da ƴan doka wajen musguna wa ƴan jam'iyyar NEPU. Daga 1968 aka fara narkar da su cikin ƴan sandan tarayyar Nijeriya. Wajen narkarwar sai da aka tace, wanda bai cika sharaɗi ba aka sallame shi. Darasin da ke nan shi ne: ɗan sandan da ya zama na mutum ɗaya ko na jam'iyya ɗaya, sauran jama'a ba za su amince da shi ba.

BAYAN ƳANCIN KAI

Nijar ta sami ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960. Sabuwar ƙasa ta tsara masu tsaronta. Ƴan sanda suna cikin birane. Jandarma suna kula da karkara da manyan hanyoyi. Gardi na dā suka zama gardi ripiblikan, masu tsaron ofisoshin hukuma da gidajen kaso. Tambaya ta sake. Yanzu cewa ake yi: ina takardunka?

Wannan ci gaba ne, don takarda ba ta tambayar ko kai ɗan sarki ne ko ɗan bawa. Amma wa yake da takardar? Lokacin ƴanci, yaran da ke zuwa lakwal a Nijar ba su kai 5 cikin 100 ba. A arewa abin ya fi haka muni. Sai cikin shekarun 1940 aka buɗe lakwal ta makiyaya. Iyaye da yawa sun ɓoye ƴaƴansu, don ba su manta da 1917 ba. Wasu manya ma ƴaƴan barorinsu suka tura a madadin nasu. Ga shi kuma yaron da aka haifa a zango, babu wanda ya rubuta ranar haihuwarsa.

To, da aka zo ɗaukar ma'aikata, ƴan arewa kaɗan ne suka cika sharaɗi. Sai ya zama mai kaki a Abzin sau da yawa daga nesa yake, ba ya jin Tamajak. Makiyayi ya zo kai ƙara, sai an nemo tafinta. Ba wanda ya rubuta doka cewa kada a ɗauki ɗan Abzin. Rashin lakwal da rashin takardar haihuwa su suka rufe ƙofar.

Akwai kuma siyasa. An haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, ƙasa ta koma hannun jam'iyya ɗaya, RDA. A rikicin 1964 an ba ƴan bangar jam'iyya makamai, suna kame mutane. Su kam ba a tambaye su kaziye ba, katin jam'iyya ya wadatar. Mulkin Diori ya faɗi ranar 15 ga Afrilu 1974, soja suka hau.

TAWAYE DA SULHU

A watan Mayu 1990 aka yi abin da aka yi a Cintabaraden, aka kashe farar hula. Ba a daɗe ba tawaye ya tashi a arewa. A watan Agusta 1992, bayan an kashe wani jami'in ƴan sanda, masu kaki suka kame Abzinawa masu yawa a Agadas da wasu garuruwa, ba da umurnin alƙali ba. Amana ta yanke tsakanin jama'a da masu tsaronsu.

Ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a Yamai. Wasu ƙungiyoyi sun biyo baya a 1997 da 1998. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi aka ƙona su a Agadas.

Cikin abin da aka shirya akwai afuwa ga waɗanda suka yi yaƙi. Akwai kuma ɗaukar tsofaffin ƴan tawaye aikin gwamnati: soja, jandarma, ƴan sanda, duwan, da gandun daji. An kafa wata runduna ta tsaron Sahara, wadda yawancin mutanenta ƴan yankin ne. A 1997 aka haɗa ta da gardi ripiblikan a ƙarƙashin suna ɗaya, FNIS. A 2010 aka sake mata suna, ta zama gardi nasiyonal.

Ka ga nan an zo wuri mai wuya. Mutumin da jiya yake harbin hukuma, yau an ba shi kakin hukuma. In an bi tsohon sharaɗi, da yawa ba za su shiga ba, don ba su da takardar lakwal. Sunayen kuma shugabannin ƙungiyoyi ne suka kawo. Tambayar wannan lokaci ita ce: wa ya sa sunanka a jeri? An yi kuka cewa wasu da suka sha wuyar daji an bar su, wasu kuma dangantaka ce ta shigar da su.

Me ya fito daga ciki? Da yawa sun riƙe amana. Sun san duwatsu da rijiyoyi, suna jin harshen mutane, sun yi aikin da baƙo ba zai iya ba. Amma da sabon tawaye na MNJ ya tashi a watan Fabrairu 2007, an sami wasu masu kaki da suka gudu suka koma daji. An ajiye makamai a 2009. Wannan ya nuna abu biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Rufe wa mutanen yanki ƙofar aikin tsaro yana haifar da fitina. Buɗe ta ba tare da tacewa da horo mai kyau ba, shi ma yana da haɗari.

YADDA AKE ƊAUKA A ZAMANINMU

Ƴan sanda da gardi nasiyonal suna ƙarƙashin ministan cikin gida. Jandarma suna ƙarƙashin ministan tsaro. Idan za a ɗauki sababbi, ana yin sanarwa a rediyo da jarida. Sanarwar ita ce take faɗin shekarun da ake so, da takardar lakwal da ake nema, da ranar rufe karɓa. Maza da mata duk suna shiga. Ƙaramin ɗan sanda da burbe yake nema. Manyan muƙamai sai mai bak ko mai takardar jami'a.

Ga takardun da aka saba tambaya, da amfanin kowace:

1. Takardar haihuwa. Ita ce uwar sauran. Wanda ba a rubuta shi da wuri ba, sai ya je kotu da shaidu, alƙali ya yi masa hukuncin da zai tsaya a madadinta.

2. Takardar zama ɗan ƙasa. Kotu ce take bayarwa, kuma sai ta ga takardar haihuwa.

3. Kaziye. Daga kotun yankin da aka haife ka take fitowa. Wadda ake ba mutum a hannunsa ita ce mai lamba 3, tana nuna manyan hukunce-hukuncen ɗauri. In babu kome, sai a rubuta neyan, wato babu. Ba a karɓar wadda ta wuce wata 3, don mutum yana iya yin laifi bayan ya karɓa.

4. Takardar likita, mai nuna lafiyar jiki da ta ido.

5. Takardar lakwal.

Bayan takardu sai gudu da motsa jiki, sai jarrabawar rubutu, sai gwajin likita. Akwai kuma binciken hali, wanda ake kira anketi. Jami'i yakan bi sawun mai nema, ya ji yadda yake zaune da mutane. Wanda ya tsallake duk wannan, sai ya tafi makarantar ƴan sanda ya sha horo kafin a ba shi aiki.

Ka lura da wani abu. Kaziye tana nuna wanda kotu ta hukunta ne kawai. Ɓarawon da ba a taɓa kamawa ba, tasa fara ce tas. Don haka ne ake yin anketi. Anketi kuwa daidai take da tsohuwar tambayar fada, wato ɗan wane gida ne, wa ya san shi. Tsohuwar hanya da sabuwa sun haɗu ke nan.

TAKARDA KAƊAI BA TA ISA

Jihar Agadas ta fi rabin ƙasar Nijar faɗi. Ta nan matafiya suke bi zuwa Libiya da Aljeriya. Tun 2014 kuma ga masu neman zinariya a Jado da Cibarkatan. Kuɗi masu yawa suna ratsa shingaye. Saurayin da aka ajiye a shinge cikin rana, da ɗan albashinsa, kullum yana cikin jarraba.

A watan Oktoba 2013, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada, arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara. Ƙasa duka ta girgiza, aka shiga tambayar yadda ake safarar mutane haka. A wannan shekara hukumar yaƙi da cin hanci ta lokacin, HALCIA, ta yi bincike a kan hanyoyin arewa. Ta samu ana karɓar kuɗi a hannun matafiya. Ta kuma samu cewa kuɗin mai da na gyaran mota da na abinci da aka ware wa masu tsaro ba su cika isowa ba, har wani sashe na abin da ake karɓa da shi ake tafiyar da aiki. A 2015 aka yi dokar hana safarar baƙin haure, aka soke ta a watan Nuwamba 2023.

Abin da za mu koya a nan shi ne, ko an tace yaro da kyau ranar shiga, aiki bai ƙare ba. Sai an biya shi a kan lokaci. Sai an ba shi kayan aiki. Sai na sama da shi ya zama abin koyi. In ya yi laifi kuma a hukunta shi, kowa ya gani.

ABIN DA YA RAGE GARE KA

Kada ka ce wannan magana ta manya ce. Kana da hannu a ciki ta hanya huɗu.

Na ɗaya, in an yi maka haihuwa, ka je ka sa a rubuta. Dokar 2019 ta ba da kwana 60. Ko a zango aka haihu, ka nemi wurin rubutawa mafi kusa, ko ka gaya wa mai gari ko shugaban ƙabila. Ka adana takardar cikin leda, nesa da gara da ruwa. Yau ba ta da nauyi, amma bayan shekara 20 ita ce za ta buɗe wa yaron ƙofa.

Na biyu, ka bar yaro ya kai burbe, mace ko namiji. In muna son ɗan sanda mai jin harshenmu, wanda ya san darajar tsofaffinmu, daga gidajenmu zai fito. Ka ga abin da ɓoye yara ya jawo a baya.

Na uku, in mai anketi ya zo tambayarka halin ɗan maƙwabcinka, ka faɗi abin da ka sani. Kada ka rufa wa mugu asiri don kunyar ubansa. Gobe bindiga za a ba shi, kuma ba ka san wanda zai fara nuna wa ba. Kada kuma ka ɓata yaron kirki don kun yi rigimar gona ko ta rijiya da gidansu. Shaida amana ce, za a tambaye ka ita gaban Allah.

Na huɗu, in wani ya zo ya ce ka sayar da raƙumi ko shanu ka ba shi, zai sa sunan ɗanka, kada ka yarda. Sau da yawa macuci ne, kuɗin sun tafi ke nan. In ma abin ya yiwu, ka cuci yaron da ya ci da guminsa. Kuma wanda ya sayi kaki da kuɗi, a jikin talaka zai fanshe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ka karanta wa ƴan'uwanka wannan a dandali ko a ajin yaƙi da jahilci. Ku tambayi tsofaffi abin da suka sani game da dogarai da gardi da gumiye, ku gwada da abin da kuke gani yau. Wanda a cikinku bai yi wa ƴaƴansa takardar haihuwa ba, ku raka shi ya yi.

Allah ya ba mu masu tsaro masu tsoronsa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.